Ƙarfe Ma Tun Yana Ɗanye Ake Tanƙwara Shi

Tun daga maƙera aka saba yabon ƙarfe da tauri. Wuƙar da ta yi suna ita ce wadda bakinta ba ya lanƙwashewa, gatarin kirki shi ne wanda ya sari ƙirya ya fito ba tabo, in kuwa aka ce ƙarfe kaza laushi gare shi, to, an gama kushe shi ke nan. Amma a jikin mota akwai wani ɗan siririn ƙarfe wanda wannan hukunci bai hau kansa ba, watau bututun da ke ɗauko fetur daga tanki ya kai wa inji. Shi wannan bututu lafiyarsa tana cikin laushinsa, ran da ya taurare kuwa, daga ranar ya kama hanyar tsagewa. Tsagewar bututun fetur kuma ba ta cikin irin lalacewar da ake tura mota gefen hanya a ce sai gobe, domin sau da yawa gobara ce ke biye da ita.

Akwai wani dattijo a Agege ta Ikko, tsohon akawu a ma'aikatar jirgin ƙasa, wanda bai san da wannan magana ba sai da ya haura shekara saba'in, kuma a jikin tsohuwar motarsa ya gan ta. Motar Volkswagen ce, irin mai doron nan da Hausawa ke kira Bosuwaja, Yarabawa kuma su ce mata Ijapa, watau kunkuru. Masu shekaru za su tuna zamanin da ta cika titunan ƙasar nan. Cikin 1974 hukumar Udoji ta miƙa rahotonta a kan albashi, cikin 1975 kuɗi suka shiga hannun ma'aikata, a wannan shekara kuma masana'antar Volkswagen da ke Ojo, kan hanyar Badagiri, ta fara harhaɗa motoci. Dattijon nan yana cikin ƙananan ma'aikatan da suka haɗa abin da suka samu da bashin mota, suka fito da tasu sabuwa fil. A cikinta aka kawo kowane ɗa nasa gida daga asibiti, a cikinta kuma ya riƙa zuwa Arewa da iyali hutun Salla.

Bayan ya ajiye aiki, uwargidansa kuma ta riga mu gidan gaskiya, sai ya jingine motar a ƙarƙashin wata rumfar kwano a bayan gida, ta yi shekaru tana shan raɓa da danshin Ikko. 'Yan gwangwan sun taya ta ba sau ɗaya ba, 'ya'yansa ma suka ce a sayar a huta, ya ƙi. An daina ƙera irinta tun watan Yuli na 2003, lokacin da ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Puebla a ƙasar Meziko, bayan an yi fiye da miliyan 21, saboda haka ya san in ta tafi ba zai sake samun kamarta ba. Abin da ya ta da shi tsaye kuwa shi ne jikokinsa, waɗanda ba su taɓa ganin motar tana tafiya ba, har ƙaramin cikinsu yana zaton akurkin kaji ce. Sai ya ƙudura a ransa cewa da yardar Allah shi zai tuƙa su zuwa Idi a cikinta.

Wanda ya kira ya duba ta wani tsohon makanike ne, sa'ansa, irin waɗanda suka koyi aiki a lokacin da ake gyara kayan mota maimakon a jefar a sayo sabo. Inji bai ba shi wahala ba. Da aka wanke kafireto, aka sāke filogi, aka zuba mai kaɗan ta sama, sai ya tashi da tsohuwar muryarsa, har dattijo ya juya baya yana share ido. Amma makanike bai yarda a zuba fetur a tanki ba tukuna. Ya cire tiyon gaba da na baya, ya toshe baki ɗaya na bututun ƙarfen, ya hura iska ta ɗayan da famfon taya. Iska ba ta tsaya ba, sai aka ji tana huci daga can cikin tsakiyar motar. Da ya buɗe toshiyar ya sāke hurawa, abin da ya fito jan ruwa ne mai tsatsa. Ya miƙe ya ce, “Alhaji, injinka da sauransa, amma wannan bututu ya gama aikinsa. In ka ɗora yara a kansa, ba da hannuna ba.”

Sai an san yadda aka tsara Bosuwaja kafin a gane nauyin wannan magana. Tankinta, mai cin lita wajen 40, yana gaba ne, inji kuwa yana baya. Tsakaninsu akwai doron nan da ya ratsa tsakiyar mota, inda giya da birkin hannu suke, wanda shi ne ƙashin bayanta, kuma cikinsa kogo ne. Ta cikin wannan kogo bututun fetur ya bi, ɗan siriri mai kaurin milimita 6 ko kusa da haka, ya fita ta baya, ya haɗu da guntun tiyo, sa'an nan wani guntun bututun ƙarfe ya ratsa kwanon da ya kewaye inji ya isa famfon mai. Famfon yana maƙwabtaka da dilko, inda tartsatsin wuta ke rarrabuwa, salansa kuma tana ƙasa da zafinta. Tanki ya fi bututun tudu, don haka in wani wuri ya ɓalle a baya, fetur zai yi ta zuba ko da an kashe inji. Bugu da ƙari, an zuba gangar jikin injin da wani ƙarfe marar nauyi mai suna maganiziyam, wanda in ya kama da wuta ruwa ba ya kashe shi. Kujerar baya, inda jikoki za su zauna, ita ce ta fi kusa da duk waɗannan.

Tsatsar kuwa daga ciki ta ci bututun. Motar da aka ajiye da ragowar mai a tanki, iskar da ke ciki takan yi gumi da dare, ruwan ya gangara ƙasa domin ya fi fetur nauyi, ya kwanta a wuri mafi kwari na bututu, ya yi ta cinsa shekara da shekaru ba mai gani. A ƙasashen da ake garwaya fetur da sinadarin etanol, kamar Amurka, da Ingila wadda ta mai da mai kashi 10 cikin 100 na etanol ya zama na yau da kullum cikin 2021, masu tsofaffin motoci sun ƙara fama da wannan, domin etanol yana jawo ruwa, yana kuma cin tsohuwar roba.

Babban ɗan dattijon, da ya ga mahaifinsa ba zai janye ba, sai ya ce to a yi abin a kan ƙa'ida, ko nawa ne shi zai biya. Ya tafi kasuwar Ladipo ya ce a ba shi bututu mafi ƙarfi da ke akwai, aka kuwa ba shi abin da ya tambaya: miƙaƙƙen bututu fari tas, na ƙarfen nan da ba ya tsatsa, wanda in ka ƙwanƙwasa shi sai ya yi ƙara kamar ƙararrawa. Ya kawo shi yana murna, ya ce, “Baba, ga wanda zai yi shekara ɗari.”

Makanike ya karɓa, ya juya shi, ya yanki kamar taƙi guda. Ya ɗora guntun a gwiwa ya danna da hannu biyu. Da fari ƙarfen ya ƙi motsi, da ya sake shi sai ya koma kusan yadda yake, da ya ƙara ƙarfi kuwa sai ya karye wuya a wuri ɗaya, ya lotse, hanyar cikinsa ta kusa rufewa. Sa'an nan ya sa bakin guntun a abin buɗa baki ya matsa, leɓen ya dāre gida biyu. Ya miƙa wa saurayin ya ce, “Ɗana, kuɗinka ba su yi ƙarya ba, ƙarfe ne mai kyau. Amma an riga an cinye laushinsa tun a masana'anta, ni ba a bar mini kome ba.”

Wannan magana ta tsohon makanike, da ya faɗe ta da harshen gareji, ita ce dai masana ƙarfe ke faɗi da nasu harshe. Ƙarfe a ido abu ɗaya ne dunƙulalle, amma a ƙarƙashin madubin ƙara girma tarin 'yan ƙwayoyi ne manne da juna, a cikin kowace ƙwaya kuma zarra ce jere sahu-sahu. Idan aka tanƙwara ƙarfe ya zauna a tanƙware, abin da ya faru shi ne waɗannan sahu sun zame a kan juna. Zamewar tana bin wasu 'yan kurakurai da ke cikin jerin, kuma duk lokacin da aka tanƙwara, kurakuran suna ƙaruwa, suna sarƙewa da juna kamar zaren da kaza ta shiga, har zamewa ta yi wuya. A nan ne ake jin ƙarfe ya ƙara tauri. In aka ci gaba da tilasta masa bayan sahu sun kasa zamewa, ba abin da ya rage masa sai tsagewa. Duk yaron da ya taɓa ƙera motar waya ya san wannan ba tare da an koya masa ba: in ba shi da abin yanka, sai ya yi ta lanƙwasa wayar gaba da baya a wuri ɗaya, ta yi zafi, ta ƙage, ta karye.

Bututun da saurayin ya sayo an ja shi ne ta cikin ƙunƙuntar kafa yana sanyi, don ya miƙe ya yi santsi, wannan ja kuwa daidai yake da tanƙwara sau da yawa. Shi ya sa ya zo a taurare. Ƙarfen da ba ya tsatsa kuma ya fi baƙin ƙarfe saurin taurarewa in ana aiki da shi. Masu gyaran tsofaffin motoci a Turai da Amurka suna amfani da shi, amma sai wanda aka tausasa a masana'anta, da kayan aiki masu ƙarfi, sau da yawa kuma da noti na daban mai kwanar digiri 37 a maimakon 45 da aka saba.

Dattijo ya yi tambayar da kowa zai yi: to, ashe bututun fetur ba ya bukatar ƙarfi? Amsa ita ce, ƙarfin da yake bukata kaɗan ne ƙwarai. Iskar tayar ƙaramar mota takan kai awo 30 a ma'aunin masu faci. Famfon man Bosuwaja kuwa wajen awo 3 kacal yake turawa, bututun da ke cikin kogo ma ba tura mai ake yi ta cikinsa ba, zuƙowa ake yi. Bututun birki shi ne ke ɗaukar fiye da awo 1,000 in an taka da ƙarfi, shi ma kuwa da ƙarfe mai laushi ake yinsa. Abokan gāban bututun fetur uku ne: tsatsa, da gogayya, da girgiza. Injin da ke juyi 3,000 a minti yana juyi 50 ke nan a kowace daƙiƙa, ga kuma ramukan hanya. Kowace girgiza 'yar ƙaramar tanƙwara ce, kuma takan taru ne a inda bututu ya riga ya ƙage ko ya sami rauni, watau a kwana mai tsanani, ko a wuyan noti, ko inda ya lotse.

Masu ƙera motoci sun daɗe da sanin haka. Motar Ford samfurin T, wadda aka yi fiye da miliyan 15 daga 1908 zuwa 1927, ba ta da famfon mai sam, fetur gangarowa yake yi da kansa daga tanki, har akan ce in mai ya yi ƙasa sai direba ya hau tudu da baya. A zamaninta ne, cikin 1922, wani mutum mai suna Harry Bundy ya kafa kamfani a birnin Detroit na Amurka, ya shiga yi wa Ford bututun fetur. Dabarar da ta ɗauki sunansa har yau ita ce a samu siririn fallen ƙarfe mai laushi wanda aka shafe da jan ƙarfe, a naɗe shi zagaye biyu kamar tabarma, a sa shi a tanderu. Jan ƙarfe yana narkewa a digiri 1,085, ya bi tsakanin ninkin ya manne su su zama bango ɗaya. Zafin tanderun kuma yana tausasa ƙarfen, sai bututu ya fito da laushinsa cikakke, ba shi da ɗinkin walda da zai dāre, daga nan a shafe bayansa da tutiya ko wani abin da zai kare shi daga tsatsa. Ƙarfen da ake yinsa da shi sinadarin kabon da ke cikinsa bai kai kashi ɗaya cikin 500 ba, alhali kuwa magagari yana da wajen kashi ɗaya cikin 100. Yawan kabon ne ke sa ƙarfe ya karɓi tauri in an gasa shi an tsoma a ruwa, shi ya sa maƙera ke neman tsohon sifirin mota don wuƙa da gatari, ba su ko kallon bututu.

Irin wannan bututu mai ninki biyu makanike ya aika yaronsa ya nemo wurin masu kayan birki. A naɗe ya zo kamar gammo, launinsa a dushe, kuɗinsa ma bai kai na farin ba, mutum kuma yana iya miƙe shi da hannu. Saurayin ya dube shi da raini ya ce wannan ai ko yaro ya lanƙwasa shi. Makanike ya ce, “Shi ya sa na saye shi.”

Kafin a fara aiki sai da aka kawar da shawarwari biyu na masu wucewa, domin gareji ba ya rasa masu ba da shawara. Na farko ya ce a ja tiyon roba tun daga tanki har inji, aikin minti talatin. Makanike ya ce roba tana bushewa ta tsattsage, ɓera yana cinta, dutse yana yanka ta, amfaninta kawai a gaɓoɓi ne, inda inji ke motsi dabam da gangar mota, can ma guntu-guntu, kuma a riƙa sākewa. Na biyu ya ce a sa bututun jan ƙarfe irin na masu gyaran firji, tun da ba ya tsatsa, ga laushi kamar tuwo. A nan dattijo ya ɗan karkata, domin ai laushi aka ce ana nema. Amma jan ƙarfe zalla laushinsa ba ya jure girgiza. Firji a zaune take wuri ɗaya, mota kuwa kullum cikin rawa take, sai ka ga bututun da aka sa yana laushi ya ƙage a hankali, wata rana ya tsage a wuyan noti ba sallama. Wanda ya haɗa alherin biyun shi ne garwayen jan ƙarfe kashi 90 da nikel kashi 10, wanda kamfanin Volvo na ƙasar Suwidin ya fara sa wa birkin motocinsa cikin 1976: ba ya tsatsa, yana tanƙwaruwa da sauƙi, yana kuma jure girgiza. Makanike ya ce da ya same shi da ya karɓa, amma araha ba ta ado, a kasuwa akan miƙo wa mutum na firji a ce masa shi ne.

Dattijo, wanda kakansa na wajen uwa maƙeri ne, ya kawo tasa tambayar: me zai hana a sa farin bututun nan a wuta ya yi laushi, kamar yadda maƙera ke mai da ƙarfe wuta in ya ƙage a ƙarƙashin guduma? Tambayar tana kan hanya. Baƙin ƙarfe in aka gasa shi ya yi ja-ja, wajen digiri 700, aka bar shi ya huce sannu a hankali, ƙwayoyinsa sukan sāke jeruwa, sarƙewar ta warware, laushi ya komo. Sai dai ga bututun fetur abin yana da tsada. Wuta tana ƙone shafen da ke kare shi, hayaƙin tutiya kuma yana sa zazzaɓi ga wanda ya shaƙa. Tana barin ɓawo a cikin bututu wanda zai ɓanɓaro daga baya ya toshe kafireto. Da wutar mai walda kuma ba a samun zafi bai ɗaya, wani wuri ya yi laushi, kusa da shi ya zauna a taurare, a kan iyakar nan kuwa tsaga ke farawa. Ƙarfen da ba ya tsatsa ma sai ya haura digiri 1,000 kafin ya tausasa sosai. Bututun da fetur ya taɓa bi ta cikinsa kuwa, ko kusa ba a kai shi wuta.

Ranar aiki makanike bai taɓa sabon bututu ba sai da ya gama da wata tsohuwar waya. Ita ya lanƙwasa ya bi da ita duk hanyar da guntun bayan zai bi, ya gyara, ya sāke gyarawa, har ta zauna daidai, domin waya ba a asarar kome in ta karye. Sa'an nan ya shimfiɗa ta a kan benci ya auna bututu a jikinta, ya yi alama da alli a kowace kwana. Wajen yanka ya yi amfani da 'yar na'urar nan mai faifai, yana matsa ta kaɗan-kaɗan, domin in aka matsa da gaggawa faifan yana taurara bakin bututu tun kafin a zo buɗa shi. Ya kankare ƙaiƙayin ciki, ya goge bakin da magagari, ya kife shi ƙasa don kada gari ya shiga. A motocin Ingila da Amurka masu noti, a nan ne ake buɗa bakin ya zama kamar na algaita, a naɗe leɓen ciki ya yi ninki biyu, kuma noti ake fara zurawa kafin a buɗa. Bosuwaja kuwa tiyo ake cusawa a ɗaure da kilif, don haka ɗan kumburi kawai ya yi wa bakin, yadda tiyo ba zai zame ba.

Wajen tanƙwara ya ɗauko wani tsohon fuli, watau faifan nan mai kwari da bel ɗin inji ke hawa, ya kwantar da bututu a cikin kwarin ya bi da shi a hankali. A kowace kwana bangon waje yana miƙewa ya sirance, na ciki yana tattarewa, in ba abin da ya tallafi gefuna sai bututu ya baje. Saboda haka ba ya yin kwanar da ta fi ninki uku na kaurin bututun matsewa, yakan kuma ɗan zarce alama kaɗan domin ƙarfe yana komowa baya in an sake shi. Ya ce a dā sukan cika bututu da busasshen rairayi su toshe bakin kafin su tanƙwara, dabara ce mai kyau, amma ƙwaya ɗaya in ta maƙale a ciki ta isa ta tsai da mota a tsakiyar gada.

Ya ba yaronsa kwana ɗaya ya gwada. Yaron ya zarce da yawa, sai ya yi wuf ya mai da ita baya, ya sāke tanƙwarawa, ta zauna daidai da waya, ba wanda zai ce an taɓa kuskure. Makanike ya karɓi guntun ya jefa cikin kwandon shara. Yaro ya ce, “Maigida, ai ta gyaru.” Dattijo ma, da yake tsohon akawu ne mai ƙin ɓarna, ya ce a yi haƙuri a yi amfani da shi. Makanike ya ɗauko guntun ya miƙa masa ya ce, “Alhaji, danna nan, sa'an nan ka danna nan.” Dattijo ya danna inda ba a taɓa ba, ƙarfe ya bi hannunsa. Ya danna kan kwanar, ya ji ta kamar ƙusa. Makanike ya ce, “Sau uku aka tanƙwara wurin nan. Abin da ya kamata hanya ta ci cikin shekara ashirin, yaron nan ya cinye shi yanzu a gabanka.” Dattijo ya yi shiru, can ya ce shi dai da icce ya san karin maganar, ashe ƙarfe ma tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma sau ɗaya.

Zura dogon bututun ta cikin kogon shi ya ci yini guda, ana turawa ta gaba, ana lallaɓawa ta 'yan kafofin da ke akwai, a nan ma laushin ne ya sa ya bi hanya. Makanike ya ɗaure shi yadda ba zai yi ta kaɗawa yana gugar ƙarfe ba. A inda guntun baya ya ratsa kwanon inji ya sa sabon zoben roba, ya ce wannan ɗan abu da bai kai kuɗin goro ba, rashinsa ya ƙone Bosuwaja da yawa, domin bakin kwanon yana yanka bututu a hankali kamar zarto. Ya nisanta bututun daga salansa, ya sa sababbin tiyo na fetur da kilif a kowane baki, ya jijjiga ɗan bakin tagullar da ke jikin kafireto don ya tabbata bai yi sako-sako ba, har ya ɗaure shi da waya. Daga nan ya sāke hura iska ya toshe, suka tafi sallar La'asar, suka komo suka tarar iska tana nan. Sai a sa'an nan ya ce a kawo fetur.

Ba Bosuwaja kaɗai wannan magana ta shafa ba. Fijo 404 da 504 da masana'antar Kaduna ta fara harhaɗawa cikin 1975, da tsofaffin Marsandi da Landiroba da ke kwance a bayan gidaje, duk bututunsu ya yi shekarun da masu ƙera su ba su yi masa lissafi ba. Mai niyyar ta da irinsu yakan fara da fenti da kujeru, domin su ido ke gani, alhali kuwa abin da ya kamata a fara dubawa yana ƙarƙashi. Masu sanin wannan aiki kuma suna ƙarewa. Yaran gareji na yanzu sun iya karanta na'urar gano cutar inji, abin a yaba ne, amma kaɗan ne cikinsu aka taɓa miƙa wa ƙarfe aka ce su ji laushinsa da yatsa. Wanda ke da irin tsohon makaniken nan a unguwarsu, ya tura yaro ya zauna kusa da shi tun yana da sauran ƙarfin riƙe sifana.

Ranar Idi dattijo ya fito da motar tun da sassafe, jikoki huɗu a baya, babban ɗansa a gefe rungume da tukunyar kashe gobara, wadda makanike ya ce ko bututu sabo ne kada tsohuwar mota ta fita ba ita. Mutanen unguwa suka yi ta ɗaga hannu, tsofaffi suna kiran sunanta. Farin bututun nan mai tsada kuwa bai tafi a banza ba, an rataya labulen tagar ɗakin dattijo a jikinsa, aikin da ya dace da ƙarfen da ba a bukatar ya tanƙwaru. Allah ya kiyaye mu da gobara, a gida da kan hanya.